Takardun Lawwali Ashirin da Huɗu

Shekara biyu na yi ina tara takardun Lawwali, duk tsayuwar wata guda ɗaya. A lokacin ni kaɗai ne malami a elementaren Jibiya, rumfar kara ce da yara sha tara. Da damina ta faɗi rabinsu sai su tsallaka ƙasar Faransi, wajen Maraɗi, noma, inda dogari ba shi da ikon binsu, su dawo da kaka sun manta ko baƙi ɗaya. Sileti kuwa tofa masa yawu ake a goge. To, da me zan nuna yaro ya ci gaba? Shi ya sa nake yaga takarda ina sa kowa ya rubuta, in ajiye.

Lawwali ɗan Manu baduku shi ne abin alfaharina. Takardarsa ta fari abin dariya ce: ya faro daga dama kamar yadda ya saba a allo, baƙaƙen sai ka ce kaza ta yi tonon ƙasa. Ta ƙarshe kuwa labarin rijiyar unguwarsu ne, shafi guda cif, ba gyara.

Da Baturen makaranta ya aiko daga Katsina cewa gurbi ɗaya aka ba mu a makarantar Midil, ya ce a turo aikin yaro tun daga farkonsa, ya ga yadda ya taso. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na ba Lawwali takardun ya kai wa ubansa ya ɗinke su cikin fata. Bayan kwana biyar suka dawo a ɗinke, da jar fata mai kyau. Masinja na tsaye da dokinsa yana gaggawa, na miƙa masa ban buɗe ba. Wannan sakacin har yau yana cina.

Mako uku amsa ta zo, tare da takardun. Bature ya ce hannu ɗaya ne daga farko har ƙarshe, a kan takardar Faransi mai gida-gida, don haka wani akawu ne ya rubuta. An ba wani gari gurbin. Ni kuma an ja mini kunne.

Na buɗe. Shafi ashirin da huɗu, duk tsaf, duk da kyakkyawan hannun Lawwali na bana. Raina ya ɓaci. Na tafi rumfar Manu ko sallamar kirki ban yi ba.

"Ina takardun da na bayar?"

Manu ya ajiye basilla. "Malam, ni na gane su. Na ce ma yaro, wagga ƙazanta za a kai gaban manya? Ƙanena ya kawo muna takarda daga Maraɗi, na zamnad da yaron kwana ukku ya sake su duka."

"Tsofaffin fa?"

"Akwai Bisimilla bisa kowace, ba a yasda su. Mun ƙone, mun bizne tokar."

Na yi ta bayani cewa munin nan shi ake so a gani, shi ne shaida. Manu ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake wa wanda boko ya taɓa wa kai.

"Allo ma in yaro ya iya, wanke shi akan yi, Malam."

Na rubuta wa Katsina sau biyu, na roƙa a kira yaron ya rubuta a gabansu. Aka ce a bari sai baɗi. Baɗi kuwa gashin baki ya tsiro masa, kuma ba a ɗaukar mai gashin baki.

Ranar da na gaya masa, Lawwali yana tsugune yana yanka fata. Bai ɗago ba.

"Malam, Baturen ya dai ce rubutun ya yi kyau?"

Na ce, "Ya ce na akawu ne."

Ya yi murmushi, ya ci gaba da yanka.