Tagar Ɗakin Jego

Shatu ta sauko daga kabu-kabu tun bai gama tsayawa ba, ta shige gidan surukan ɗiyarta a ƙauyen Tajaye da sallama ɗaya tak. Da sassafe ta baro Konni a motar haya. Duk hanya mutane ne a tsugune gaban wutar kara, kai a naɗe kamar masu ciwon haƙori, kowa na rantsuwa bai taɓa ganin sanyi irin na bana ba. Rediyon mota kuwa cewa ta yi digiri goma sha biyar.

Shekara talatin ta yi tana koyarwa a lakwal, makarantar boko, tana bin mijinta jandarma duk inda aka tura shi, don haka ta ga sanyi iri-iri. A Gaya, iska na ɗan kaɗawa za ka ga ƙato da hular ulu yana rawar ɗari, zufa na bin wuyansa. A Agadas da safe yatsunka ba sa riƙe alli, da rana kuma ka nemi inuwa. A Bilma ruwan kwano ya sha kwana da ƙanƙara a kansa. Kuma ko'ina mutanen garin sun yarda nasu ne ya fi na kowa kisa.

Abin da ya taso ta wayar Mutari ce, mijin ɗiyar. Ya ce kwana tara da haihuwa, kwana uku ke nan mai jego na ciwon kai da amai. In an fito da ita wanka sai ta ɗan warware, in ta koma ɗaki abin ya dawo. Shatu ba ta bari ya ƙarasa ba ta fara neman takalmi.

Ta tarar da Hawa'u, uwar Mutari, a bakin murhu tana tura itace ƙarƙashin tukunyar ruwan wanka, jaririn goye a bayanta.

"Maraba da Madam," in ji Hawa'u. "Ashe ana tunawa da mutanen ƙauye."

"Ina yarinyar?"

Haka take ce wa ɗiyar tata. 'Yar fari ce, kuma shekara ashirin da bakwai ke nan Shatu ba ta taɓa kama sunanta ba, ko a gida, balle gaban surukai. Duk bokonta, wannan kunyar ba ta yar ba.

"Tana ciki tana barci. Sanyi ne ya shige ta, na ƙara mata wuta."

Mutari ya taso ya durƙusa. "Inna, sannu da hanya."

Ta wuce shi ta tura ƙofar. Zafi ya daki fuskarta. Kasko biyu cike da garwashin gawayi, ɗaya wajen kan ɗiyar ɗaya wajen ƙafarta. An cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Tagar kuwa an danƙare ta da buhunan siminti, irin waɗanda Mutari ke kwasowa daga wurin aikinsa a Malbaza, an bi gefe-gefe da laka. Numfashi uku ta yi a ɗakin ta ji kanta ya sara.

Ta sa hannu biyu ta fizge buhunan. Ta naɗe hannu da mayafi ta ɗauki kasko, ta fito ta watsar da garwashin a tsakar gida, kaji suka tarwatse. Ta koma ta ɗauko na biyun.

Hawa'u ta miƙe, itace a hannu. "A gidana, Hajiya? Ɗiya takwas na haifa, duk haka aka gasa ni. Mi ya same ni?"

"A ɗakin kara aka gasa ki, iska na shiga ta ko'ina. Wanga ɗakin siminti ne da rufin kwano, kun toshe shi kamar kwalba."

"Sanyin Tajaye ba irin naku na birni ba ne. In ya shiga mai jego, kumbura za ta yi."

"Sanyin Tajaye." Shatu ta ajiye kaskon da ƙarfi har ya tsage. "Na zauna inda ruwa ke daskarewa, ban ga wanda sanyi ya kashe ba. Amma maƙwabciyata a Bilma ni na yi mata wankan gawa, kaskonta bai ma huce ba. Tiririn gawayi a rufaffen ɗaki ya kashe ta. Kai kuma," ta juya ga Mutari, "da karatunka da komi, kai ka kawo buhunan?"

Ya sunkuyar da kai. "Cewa aka yi iska na shiga."

"To ita ake so ta shiga. Ɗauko ta."

Ya fito da matarsa a hannu, kanta na lilo, ya shimfiɗe ta a tabarma. Matan maƙwabta sun riga sun cika ƙofa, har wata na cewa a rufa mata bargo kada iska ta buge ta. Mutari ya girgiza matarsa. Hawa'u ta yar da itacen ta durƙusa. "Amarya. Amarya, tashi ga ɗanki." Ko motsi ba ta yi ba.

Shatu ta tallafi kan ɗiyarta, ta yayyafa mata ruwan randa. "Ke. Ke yarinya." Ƙirjin na motsi, amma can ƙasa, kamar ba ya so. Ta sa baki a kunnenta.

"Sakina."

Matan suka dubi juna.

"Sakina, ni ce. Sakina, buɗe ido."

Gira ta motsa. Sai tari, sai amai a kan zanen uwar. Shatu ba ta ko goge ba, ta ce wa Mutari ya nemo mota yanzu, gidan likita za su.

A bayan motar ta sauke gilashi duka biyu, direba na gunaguni yana jan hularsa. Hawa'u ta miƙo jaririn, sannan ta miƙo bargo. Shatu ta karɓa ta rufa wa ɗiyar ƙafafu.

Da suka fita daga gari, iska na shiga tana kaɗa mayafai, Sakina ta ɗago kai daga kafaɗarta.

"Inna, kamar na ji kin kira sunana."

Shatu ta mai da ido ga gonakin da aka girbe.

"Ke dai ja numfashi," ta ce.