Hannun Baba da Sitiyarin Fijo

Motar Baba tsohuwar Fijo ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita yake ɗaukar fasinja daga Dutse zuwa Miga, da ita ya ciyar da mu. Tun ina ƙarama na san tana ja hagu. In ya sassauta sitiyari sai ta nufi tsakiyar titi kamar akuyar da ta hango dusa, shi ya sa kullum hannunsa a danne yake zuwa dama.

Da daminar bana abin ya yi yawa. Ƙafafun gaba suka fara ƙugi, motar tana tangaɗi, har shugabannin tasha suka hana shi lodi sai ya gyara. Babban wanmu, Yaya Uwaisu, ya ce ba laifin motar ba ne.

"Baba, shekaru ne. Ka ba ni makullin, ka huta."

"Ni da na koya maka ɗaura wando?" in ji Baba. "A gyara ta. In ta sake kauce hanya a hannuna, makulli naka ne."

Umma ta sayar da tunkiyarta, aka kai motar garejin Malam Muntaka bakanike, ƙarƙashin wata dalbejiya a unguwarmu ta Yalwawa. Ni nake kai wa Baba abinci, in zauna gefe da littafina, amma ba karatun nake ba. Malam Muntaka ya kwance gaban motar kaf. Ya zaro ƙarafan da ke haɗa sitiyari da taya, duk sun cinye. Robobin kuwa yana taɓa su suna marmashewa kamar ƙuli-ƙuli.

"Baba direba," ya ce, "ashe ba mota kake tuƙawa ba, addu'ar fasinja ce take kai ku."

Baba ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Aka sa sababbin ƙarafa da robobi, aka daidaita tayoyi. Ranar gwaji, bayan la'asar, Baba ya kama sitiyari, Yaya ya zauna gaba, ni a baya ina riƙe da kujera. Muka hau hanyar Kiyawa. Babu ƙugi, babu girgiza. Baba har ya gyara zaman hularsa.

Sai na ga gefen titi yana matsowa.

Na dubi hannun Baba. A danne yake zuwa dama, yadda ya saba tun kafin a haife ni. Sai dai yanzu motar ba ta gardama. Inda ya ja ta, nan ta bi. Ya farga ya dawo da ita, muka ɗan tafi, hannun ya sake komawa shi kaɗai. Taya ta sauka a yashi, muka gangara cikin gonar gero a hankali, karare suna karyewa a jikin gilashi, har motar ta tsaya.

Babu wanda ya ji ciwo.

Ni ba mai magana ba ce a gaban manya, amma na yi ƙarfin hali. "Yaya, ba tsufa ba ne. Ya saba da karkatarta ne. A ɗan ba shi lokaci, zai saba da wannan."

Yaya bai juyo ba. "Da fasinja a ciki zai koya, Zakiyya? Yau gona ce. Gobe fa?"



"Ƙyale shi," in ji Baba. "Da bakina na faɗa."

Ya zare makullin ya ɗora a cinyar Yaya. Manoma suka taimaka aka turo motar kan titi, Baba ya ba mai gonar haƙuri, sannan ya buɗe ƙofar baya ya zauna kusa da ni. Ban taɓa ganinsa a wannan kujerar ba.

Yaya ya ja mu zuwa gida, motar tana tafiya santal. Baba ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Ina kallonsu har muka shiga Yalwawa, suna karkata dama kaɗan kaɗan.