Masu Auduga a Hannu

Auta tana tsaye kan kujera tana kwance allon shagonta, sai ta ji an ce, "Baiwar Allah, akwai abin taɓawa?"

Wani dattijo ne a bakin ƙofa, ya naɗe hannun riga, ya lanƙwasa hannunsa na hagu ya danne auduga.

"Mun rufe, Baba."

"Ga ƙofa a buɗe."

Da gaskiyarsa, sai dai buɗewar ta kwashe kaya ce. Shagon na yayanta ne, aro ya ba ta ta gwada sayar da sanwici, wato burodi mai haɗin ƙwai da kayan lambu a tsakiya, kuma yau wa'adi ya cika. Zai zo da mota ya ɗauke firji, ya sa wani a shagon. Ita kuma ta koma zaman gida, abin da take tsoro ke nan fiye da komai.

Tun farko ma'aikatan ofisoshin tsallaken titi ta sa wa ido. Don su ta sayi kujeru masu dogayen ƙafafu, don su take buɗewa da rana tsaka, ta jera sanwici mai hawa uku wanda sai da hannu biyu yake kamuwa. Ma'aikatan kuwa kowa da kularsa daga gida. Su wuce, su yaba fentin shagon, su yi gaba. Yabo kam ta sha shi har ta ƙoshi. Ba ta taɓa ganin titin nan da safe ba sai yau.

"Rabona da abinci tun jiya," in ji dattijon. "Masu gwajin jinin nan na kusa da ke suka ce kada in sa komai a baki sai sun ɗiba. To, sun ɗiba."

Ta sauko, ta soya ragowar ƙwai, ta haɗa masa yadda ta saba. Ya kai hannu ɗaya, abin ya tarwatse a faranti. Kunya ta kama ta. Ta sake yin wani siriri, ta naɗe gindinsa da takarda ta miƙa masa. Kafin ya cinye, wata mai ciki ta leƙo, sai wani direba, sai wata tsohuwa, kowa hannu a lanƙwashe da audugarsa.

"Kullum haka kuke fitowa?" Auta ta tambaya.

"Ni duk wata," in ji tsohuwar. "Mu tarar da shago a garƙame, mu ce ko mai shi ya mutu ne. 'Yar nan, kada ki shafa mini wannan farin abin, likita ya hana."

Layi ya kai bakin titi lokacin da yayan ya tsayar da mota. Ya kutsa zai shiga, tsohuwar ta tare shi da sanda.

"Malam, bi layi."

"Ni ne fa mai shagon, Inna."

"To ka ji kunya, burodi ya ƙare."

Auta ba ta ɗaga kai daga kan kasko ba.

"Yaya, tunda ka zo da mota, taimaka ka sayo mini burodi. Marar suga."

Ya dubi firjin, ya dubi allon da ke rataye da ƙusa ɗaya, ya dubi masu audugar da suka zuba masa ido. Ya daɗe yana jujjuya mabuɗin mota.

"Guda nawa?" ya ce.