Injin Kifin Inna

Daren jiya Lantana ta yi wani mafarki, kuma da ɗan injin tace ruwa a hannunta ta shiga cikinsa.

Injin na tankin kifin mahaifiyarta ne, akwatin gilashin nan da ke falo. Tun da tsufa ya fara kwashe wa Inna tunani ta daina gane mutane, abinci ma ba ta karɓa sai an zaunar da ita gaban jajayen kifayen. To ga injin ya fara yoyo, ruwan ya yi duhu, kifaye sun taso sama suna haki.

A mafarkin ta tsinci kanta a wani gari da rijiyoyinsa ke tsaye kamar hasumiya, mata na hawa tsani su ɗebo ruwa. Kifayen Inna na biye da ita a cikin iska, a jere kamar 'yan tsaki. Ƙaramin cikinsu ya gaji, ta ɗauke shi ta goya.

A bakin kasuwa ta tarar da wani zalɓe cikin rigar kanikawa. Ya kara injin a kunne, ya girgiza kai.

"Hajiya, na bar harkar kifi, likita ya hana ni. Kai shi ƙarƙashin gado."

Sai ga ta a ƙarƙashin gadon Inna. Wurin ya kai filin idi faɗi, rana na fitowa daga cikin wani tsohon takalmi. Inna na zaune a tabarma da sukudireba maƙale a bayan kunne, ita da ko ƙwan fitila ba ta taɓa canzawa ba.

"Kin zare filogin?"

"Na zare, Inna."

"To miƙo."

Inna ta buɗe murfin, ta zaro 'yar farfelar da ke juya ruwa. Gansakuka ta shaƙe ta, har da wani farin gashi da ya nannaɗe sandarta. Ta warware shi a hankali, ta mayar da shi kanta, ya zauna. Sannan ta ɓamɓaro zoben robar da ke bakin murfin. Ya bushe, ya tsage gefe guda.

"Ga ɓarnar nan. Tara hannunki."

Lantana ta tara. Abin da ke ɗiga ba ruwa ba ne, sunaye ne, masu sanyi kamar ƙanƙara. Inna na kallonsu suna narkewa.

"Wannan Ɗanjuma ne, ƙanena. Wannan unguwar da aka haife ni. Wannan kuma babanki, Allah ya jiƙansa, ashe shi ma ya zube."

Lantana ta dubi Inna. Ta ce, "Nawa fa, Inna?"

Ita ce 'yar fari, kuma saboda kunya Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ko lokacin da take da lafiya.

Inna ta yi dariya. "Naki ta ina zai zube? Ai ban taɓa fito da shi ba."

Ta cire silifarta, ta yanko sabon zobe da reza, ta shafa masa man kaɗanya, ta danna shi a mazauninsa. Ta mayar da farfela, ta rufe, ta cusa filogin cikin wata kabewa. Injin ya yi tari, ya kama gurnani a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi. Yoyo ya tsaya. Iska ta washe, kifayen suka daina haki, na bayan Lantana ya yi atishawa ya ce a kwance shi, zai iya da kansa.

"Waɗanda suka zube fa?"

"Sun tafi. Mu riƙe saura." Inna ta waiga hagu da dama. "Matso in faɗa miki naki sau ɗaya, tunda babu manya a nan."

Kifayen suka juya baya don kara. Lantana ta durƙusa ta kai kunnenta, ta ji ɗumin numfashin Inna da ƙamshin kanumfari. Inna ta buɗe baki.

Ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Lantana ta buɗe ido. Gari ya waye. Daga ɗakin da ke kusa, Inna ce ke buga cokali a jikin kofin silba, kokonta take jira. Lantana ta ɗan jima a kwance, tafin hannunta a kan kunnen.

"Ga ni nan, Inna," ta ce, ta laluba takalminta.