Saude da Ƙarfen Asibiti

Mu'minatu taubashiyata ce, 'yar Kawu Yari na Isa, don haka ina da damar in faɗa mata abin da na ga dama, ko da kuwa ta zama dakta. Ba ma irin daktan da ke duba marasa lafiya ba ce. Irin na jami'a ce a Sakkwato, masu yawo da tambayoyi suna rubuta abin da mutane suka ce. Aikinta shi ne ta gano abin da ke hana mata zuwa gwajin ciwon daji na bakin mahaifa, alhali gwajin kyauta ne, kuma in aka ga alamarsa da wuri ana kashe shi tun bai zama komai ba. Ni kuwa, Rukayya, matan aure nake karantarwa a Islamiyyar unguwarmu a Sabon Birni. Duk zuwan da za ta yi sai na tare ta da tsiya: "To, Daktar tambaya, yau wa kinka warkar?" Sai ta yi dariya ta ce in ba ta ruwa tukuna.

Farkon da aka kawo gwajin nan yankinmu, abin ya ba da kunya. An ware ɗaki, an kawo nas-nas mata, an yi shela a masallatai, amma bencin jira sai ƙudaje. Manyanta a Sakkwato suka ce ai dalilin a fili yake: maza ne suka hana, ko kuma tsoron hanya saboda 'yan bindiga. Mu'minatu ta ce ba ta yarda ba, tunda matan nan dai suna zuwa awon ciki, suna kai yara rigakafi, kuma ta wannan hanyar suke bi. Ta ajiye takardun tambayoyinta, ta dawo tana zama da mu a tabarma, gidan suna, gidan biki, bakin injin niƙa. Har ajina ta riƙa shigowa ta zauna a baya kamar sabuwar ɗaliba.

Amsar kuwa daga cikin gidanmu ta fito, daga bakin yayata Saude.

Saude mai ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa, mace mai faɗin kafaɗa da faɗin baki, wadda in ta ce a'a to a nemi wata maganar. Ita ta yi jinyar Innarmu. Inna ta daɗe tana ɓoye wani ƙullutu a nononta, sai da ya fashe aka kai ta Sakkwato aka yi mata aiki, ba ta ga damina ta gaba ba. Wata rana Mu'minatu na taya Saude murza ƙuli, ta tambaye ta me ya hana ta zuwa gwajin. Saude ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ke da boko dut bai koya miki wanga ba? Daji ba ya son ƙarhe. In yana kwance anka taɓa shi da ƙarhe, tashi yakai ya bi jiki. Gwaggonki mi yak kashe ta? Ni kau an ce mani abin da suka buɗa mace da shi can ƙarhe na. Ba ni zuwa in tada abin da ke barci."

Mu'minatu ta bar murza ƙulin. Ni kaina na san wannan magana tun ina yarinya, kowa ya san ta, shi ya sa ba wanda ya taɓa tunanin faɗa wa mai bincike. Ta koma ta bi Kamarawa da Turba da matan Gatawa da ke gudun hijira a cikin gari, ta sauya tambayarta, ko'ina amsar ɗaya ce.

Ba ta tsaya gardama da kowa ba. Ta nemo wani irin gwaji da mace ke yi wa kanta a ɗakinta, da ɗan tsinken roba mai auduga a kai, ta saka a kwalba ta miƙa wa nas. Abin buɗawar ma ta sa aka sauya shi da na roba. Kafin ka ce me, bencin nan ya cika har ana shimfiɗa tabarmi a waje. Ta rubuta abin da ta gano, aka buga a wata mujalla ta masana. Ta riƙa nuna mini a wayarta yadda masu bincike na wasu ƙasashe ke ambaton aikinta a nasu. Na ce mata to madalla, ambato dai ba ya cika tukunya, amma a raina daɗi nake ji har kaina na neman fashewa.

Saude ma ta yi gwajin audugar, don dai mu ƙyale ta. Sakamako ya fito da alamar ƙwayar cutar. Nas ta duba ta da abin roba, ta ga wani ɗan tabo a bakin mahaifa. Ba daji ba ne tukuna, amma hanyarsa ya kama. Maganinsa ɗan aiki ne da ba ya kai tsawon dahuwar shayi: a ɗora wani ɗan abu mai zafi a wurin, ya ƙone tabon, shi ke nan. Saude ta ce a nuna mata abin. Nas ta nuna mata. Ta ƙwanƙwasa kansa da farce, ta ji ƙarfe ne, ta gyara mayafinta ta fito.

Ba irin lallashin da ba mu yi ba. Mijinta Malam Alhassan ya yi, Kawu Yari ya taso daga Isa takanas ya yi, ni na yi da faɗa na yi da kuka. Mu'minatu ta zaunar da ita ta yi mata bayani tiryan-tiryan, cewa ba ƙarfe ya kashe Inna ba, latti ne, ciwon ya riga ya bazu kafin likita ya taɓa ta. Saude ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce, "Na ji. Amma ni da idona nig gani. Ki nuna mani mace guda wadda ƙarhe yat taɓa tana da daji, tana nan tana tahiya da ƙahwarta."

"Suna da yawa, Yaya. Amanar asibiti ta, ba ni iya hwaɗin sunansu."

"To kin gani."

Watanni suka yi ta wucewa. Ina kallon Saude tana tuƙa ƙuli a gaban wuta, ina tunanin abin nan yana can yana girma a cikinta. Tsoro nake ji ƙwarai, don na riga na ga yadda ciwon nan ke cin mace, ban shirya sake gani ba. Mu'minatu kuwa ta rame. Ta ce mini ga shi ana yabon ta a wurare da ba ta taɓa zuwa ba, amma ta kasa shigar da yayarta ɗakin gwajin da ke nan bayan kasuwa.

Ana haka aka yi rasuwa a Turba, wata 'yar'uwar Kawu, ita ma dajin ne, ita ma an kai ta a makare. Muka tafi gaisuwa tare. Gida ya cika maƙil, kowace mace ta shigo ta yi addu'a, sai ta sunkuya ta tambayi ta kusa da ita abin da ya faru, a ce mata, "Asibiti sunka sa mata ƙarhe." Kafin la'asar maganar ta shiga kunnen matan ƙauyuka da yawa. A mota muna dawowa Mu'minatu ta kama hannuna ta matse har na ji zafi.

"Rukayya, kin taɓa zuwa barkan macen da anka yi ma wanga aiki ta warke?"

Na ce wa zai yi shelar ciwon da ke irin wannan wuri? Mace ko mijinta da ƙyar take faɗa wa.

"Shi ke nan," in ji ta. "Wadda tam mutu, gari dut ya zo gaisuwa ya ji. Wadda tar rayu, kunya ta rufe mata baki. Yaya Saude ba ƙarya takai ba, abin da anka bari ta gani ɗai tag gani."

Daga nan ta shiga bin matan da aka yi wa aikin, gida-gida, ita da nas ɗin da suka sani. Ba ta matsa wa kowa ba. Tambaya ɗaya take yi: za ki yarda ki faɗa a gaban mata 'yan'uwanki? Da yawa suka ce Allah ya kiyaye. Wata ma ta kore su da tsintsiya. Amma wasu suka yarda, da sharaɗin ba namiji, ba waya, ba hoto. Aka sa rana a farfajiyar Islamiyyarmu, bayan azahar.

Na san in na ce wa Saude taron asibiti ne ba za ta zo ba, sai na ce mata mata za su taru, ta kawo ƙuli za ta yi ciniki. Ban yi ƙarya ba, ta kuwa yi cinikin. Ta kafa tirenta a gindin dalbejiya tana harare-harare da ta ga Mu'minatu.

Wata dattijuwa daga Kamarawa ce ta fara miƙewa, ta ce an yi mata aikin bara, ga ta, har gero ta yanka da kaka. Wata ta ce bayan aikin ma ta haihu, ta ɗaga jaririn sama aka yi ta dariya. Saude na jin su tana taɓe baki, don ba ta san su ba. Can sai wata ta miƙe daga kusa da tiren ƙulin. Abu ce, mai daddawa, wadda rumfarta ke manne da ta Saude a kasuwa tun kafin su aurar da 'ya'yan fari. Kwano ɗaya suke cin tuwo ranar kasuwa.

"Ni ma an yi mani," in ji Abu, idonta a ƙasa. "Da wanga ƙarhen. Lokacin da nic ce miki na tahi Shinkahi wurin ɗiyata."

Saude ta miƙe tsaye, ƙuli ya watse a ƙasa.

"Ke Abu! Ke da nika hwaɗa ma komi? Kina kallona ina rama, na gaya miki abin da anka gani gare ni, kinka ce mani Allah shi sawwaƙe, kinka yi shiru?"

"Kunya, Saude."

"Kunyar banza! Da na mutu da ke za a sa gaba wurin kuka!"

Ta zazzaga mata masifa son ranta, Abu na kuka, mata na ba da haƙuri. Sai kuma ta kama Abu ta jujjuya ta, ta dubi idonta, ta matsa damtsenta kamar mai sayen akuya. Da ta gama dubawa ta juyo wurin Mu'minatu, ta ce, "Ke, Daktar tambaya. Gobe za ni. Amma wagga munahukar ta za ta riƙe mani hannu."

Washegari aka yi. Ina waje ina jan carbi, ban kai ƙarshe ba sai ga ta ta fito tana mita, wai ashe abin da aka yi ta tayar mata da hankali a kai ke nan.

Wannan zama na farfajiya shi ne ya zama bincike na biyu na Mu'minatu. Ta maimaita shi a Isa da Turba, ta gwada da wuraren da ba a yi ba, ta nuna cewa inda matan da suka warke suka yi magana, masu guje wa aikin sun ragu sosai. Wannan karon abin ya wuce ambato. Nas-nas suka zo daga Maraɗi suka zauna a tabarmar ajina suna kallon yadda ake yi, suna ta "wala, wala" irin na masu Faransanci suna gyaɗa kai. Aka gayyace ta taro a ƙasashen waje, aka ƙara mata girma a jami'a. Na daina tambayar ta wa ta warkar, sai dai in ce ta ci abinci don kar a ce Gobirawa ba sa ciyar da malamansu.

Da shekara ta zagayo Saude ta koma aka sake gwaji. Ni na raka ta karɓo sakamako. Nas ta ce babu komai, wurin ya warke sumul. Saude ta kama hanya, na bi bayanta har muka iso gida. Ta shiga ɗaki ta daɗe, da ta fito idonta ja, na san kuka ta yi. Sai ta ce a jiƙa gero, a kama zakaru, a aika unguwa-unguwa har Isa cewa ranar Juma'a tana karɓar barka.

Na ce, "Yaya, barkan mi za a ce masu?"

"A hwaɗa masu gaskiya. Da gawata ta, ai da sun zo ba a kira su ba."

Suka kuwa zo. Gida ya cika har zaure, surukanta ma suna ciki, wasu na rufe baki da mayafi don nauyin maganar. Saude ta ci ado da atamfa sabuwa, ta zauna a tsakar gida a kan kujera, Abu a damanta, Mu'minatu a hagunta ta kasa daina share hawaye. Duk macen da ta durƙusa ta ce barka da arziki, sai Saude ta riƙe hannunta ta ƙi saki, ta ɗaga murya yadda na bayan ɗaki ma za su ji.

"Dube ni da kyau. Ƙarhe ya taɓa ni, ga ni zaune ina cin kaza. Ke kin yi naki gwajin?"