Yatsan Dogara Ya Koma Kumatu

Wata bakwai ke nan da yanke wa Dogara hannun dama, bayan hatsarin motar da ya rutsa da shi a hanyar Abuja. Har ya koma shagonsa na kayan babur a bakin kasuwar Suleja, yana harkokinsa da hagu. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat: babban yatsan hannun da aka yanke yana yi masa ƙaiƙayi. Ya sosa dungun har ya gaji, a banza. Matarsa Saudatu ta shafa masa man kaɗanya, ta gasa wurin da ruwan ɗumi, ƙaiƙayi na nan daram.

Wata Alhamis ya je gyaran fuska wurin Isma'ila mai aski a unguwar Magajiya. Isma'ila na ɗora aska a kumatunsa na dama, Dogara ya zabura.

"Na yanke ka ne, Alhaji?"

"A'a. Sake bin wurin nan."

Isma'ila ya sake ja. Dogara ya lumshe ido, ya sauke ajiyar zuciya.

"Wallahi yatsana kake sosa min!"

Isma'ila ya dubi hannun rigar da aka naɗe, ya dubi askarsa.

"Ni dai gemu aka ce in gyara," in ji shi.

Da Saudatu ta ji labari hankalinta ya tashi, ta ce lallai sai an koma asibiti. Likitar da ke duba shi, Chiamaka, haihuwar Suleja ce, Hausa a bakinta kamar ruwa. Ta sa ya rufe ido, ta ɗauko auduga tana taɓa fuskarsa.

"Baba, ina ka ji?"

"Kumatu. Da babban yatsa."

Ta matsa kusa da leɓensa.

"Manuniya ke nan!"

Ta sauka haɓa, ya ce ƙaramin yatsa. Saudatu ta riƙe baki.

"Likita, ba taɓin hankali ba ne?"

"Ko kusa, Hajiya. A ƙwaƙwalwa akwai sashen da ke karɓar saƙon jiki, kowace gaɓa da rumfarta kamar a kasuwa. Rumfar hannu tana manne da ta fuska. Da saƙon hannu ya daina zuwa, sai na fuska ya fara kutsawa rumfar."

Dogara ya kwashe da dariya.

"Ashe har cikin kaina ana cin iyaka!"

Chiamaka ta ce ya gwada dunƙule hannun da babu. Ya gwada, naman dungun ya motsa, ya ce ya ji yatsun sun lanƙwashe. Ta ce sashen da ke ba da umarnin motsi daban yake, gaba kaɗan da wancan, kuma har yanzu yana aika umarninsa. Ta umarce shi ya riƙa yin haka kullum don kada dungun ya yi sanyi, ko da za a haɗa masa hannun roba.

A Keke Napep ɗin da ya ɗauko su zuwa gida, Dogara sai sosa kumatu yake yana murmushi. Da suka shiga tsakar gida, Saudatu ta waiga ta ga ba kowa, ta ɗora tafinta a kumatunsa.

"Yanzu me ka ji, Maigida?"

"Kin riƙe min hannu," ya ce. "Kar ki saki tukuna."