Dafaffen Ƙwai a Motar Burodi

Ɓawon ƙwan ya ƙi fita sai da ya kwaso rabin farin. Yaya Babba ya yi tsaki, ya jefa shi cikin leda. Ya faka motar rabon burodin da yake tuƙawa a gefen titi, a bayansa kaya ne zafi-zafi daga gidan gashi, ƙamshinsu yana ratsowa ta ragar da ta raba shi da su. A cinyarsa kuwa roba ce: ƙwai da ya huce tun asuba, kabeji da aka dafa har ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma, da kifin gwangwani yana iyo cikin mai.

Ya tura ƙwan a baki. Gwaiduwar ta manne masa a ganda kamar garin alli. Ya kora da ruwa, ya yi gyatsa, warin ya dawo masa ta hanci.

"Mutum da ransa da lafiyarsa," ya faɗa shi kaɗai.

A satin da ya wuce ne likitar ƙoda ta zaunar da shi. Ƙodojin Auta, ƙanwarsa, sun daina aiki, kuma duk gidansu jininsa ne kaɗai ya dace da nata, shi ne zai iya ba ta ƙoda ɗaya. Sai dai likitar ta dubi sakamakon gwajinsa, ta dubi tumbin da ya hana shi matsowa kusa da tebur, ta ce ba mai taɓa shi da wuƙa a haka. Sukarinsa ya kusa tsallake iyaka. Sai kitse ya zube, tsoka ta tsaya. Ba burodi, ba shinkafa, ba taliya, ba dankali, ba lemon kwalba.

"To me ya rage, likita?"

"Ganye, ƙwai, kifi, nama kaɗan. Sai haƙuri."

Matarsa ta ɗauki abin da zafi. Tun ranar gidan ya koma warin kabeji, har labule ya ɗauka. Yara suna cin tasu shinkafar a ɗaki, ƙofa a rufe, wai don kar su ba Baba sha'awa, shi kuwa yana jin ƙarar cokulansu har cikin haƙoransa. Kansa yana sarawa kamar ana buga ƙusa. Bayan gida ma ya zama yaƙi.

A shagon ƙarshe mai shago ya ɗaga wani burodi da tire ya danne.

"Direba, wannan ya lotse, ba mai saye. Ungo, cinye abinka kamar kullum."

Bai ce a'a ba. Ya koma mota, ya ɗaga gilashi, ya yage ledar da haƙori. Burodin da sauran ɗuminsa. Ya gutsuri ƙaton yanki, zaƙin ya cika masa baki har idonsa ya kawo ruwa. Yana cikin tauna idonsa ya faɗa kan madubi. Wani ƙato ya gani, kumatu sun kumbura, ɓurɓushi a gemu, haɓa ta ninku a kan wuyan riga, yana zare ido kamar ɓarawon da aka haska wa fitila. Ƙyamar kansa ta taso masa tun daga ciki. Ya jawo ledar ɓawon ƙwai ya tofar da abin da ya tauna, ya kuskure baki, ya sake tofarwa. Sauran burodin ya wurga shi bayan mota bai waiwaya ba.

Da ya mayar da motar sai ya wuce gidan motsa jiki. A ƙasan wani bene yake, ba taga, fanka ɗaya tana juya warin hammata da tsohuwar safa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mai horarwar, wanda kowa ke kira Koci, ya tarye shi da ihu. Wuyansa ya fi kansa kauri, kuma ba ya iya magana da mutum sai yana kallon damtsensa a madubi.

"Babban mutum! Yau ƙirji za mu yi. Kwanta nan."

Yaya Babba ya dubi bencin. Wanda ya tashi ya bar zanen bayansa da gumi, har da layin gadon baya, yana sheƙi.

"Ba a gogewa ne?"

"Gumin maza ne, magani ne. Kwanta!"

Ya kwanta. Sanyin jiƙar ya ratsa rigarsa, tsikar jikinsa ta tashi. Ya ɗaga ƙarfen, Koci yana tsaye a kansa yana ƙirga masa da ƙarfi, yawu yana yayyafo masa a goshi. Da ya miƙe sai ɗakin ya juya. Koci ya miƙo masa wata gora da ya kaɗa gari a ciki, ruwan ya yi kauri, gudaji suna yawo a sama, bakin gorar da busasshen na jiya.

"Sha ka ji. Wannan ne sirrin tsoka."

"Likita ta hana ni garin nan. Ƙodar ba tawa ba ce ni kaɗai yanzu."

"Likitoci me suka sani da ƙarfe?" Koci ya kafa kai ya shanye, ya goge baki da bayan hannu, ya miƙo masa hannun su gaisa. Yaya Babba ya yi kamar yana neman takalminsa.

Sai da ya wanke jiki har fatarsa ta yi zafi kafin ya nufi asibiti. A cikin lif ya tambayi wata mata ko hawa na uku za ta. Matar ta kau da kai, ta sa hankici a hanci. Ya sunkuya ya shinshina rigarsa, sabulu kawai ya ji.

Ɗakin wankin ƙoda shiru, sai ƙugin injuna. Auta tana kishingiɗe a kujerar ƙarshe, hannunta na hagu a miƙe, jini yana fita ta wannan siririn tiyo yana dawowa ta wancan. Ita da take iya tsayar da aji guda da murya ɗaya lokacin tana koyarwa, yanzu ta ƙanƙance, leɓunanta sun tsage don ruwan ma auna mata ake yi.

Ya sunkuya kusa da ita. "Auta, ya jikin?"

Ta yamutse fuska, ta ja kai baya. "Kai, Yaya! Me ka ci? Bakinka kamar an manta ruɓaɓɓen lemo a aljihu."

Sai yanzu ya gane matar lif. Kunya ta rufe shi. Ya ja da baya, ya sa hannu a baki.

Nas ɗin da ke duba injin ta yi murmushi. "Ka daina cin su burodi da shinkafa ko? Haka yake yi a farko. Jiki ne ya rasa sukari ya koma cin kitsensa. Ko buroshi nawa za ka karya ba zai tafi ba, sai ya ga dama."

Ta wuce gado na gaba. Auta ta zuba masa ido.

"Da gaske ka fara ke nan," ta ce a hankali.

"Da me kika ɗauka?"

"Na ɗauka faɗa kake don hankalina ya kwanta. Kowa ya zo nan sai ya ce da tasa ta dace da ya bayar. Kai kuwa da burodi, Yaya, tun muna yara ko mafarki kake, yana hannunka." Ta kalli tiyon da ke hannunta. "Ban ma ga laifinka ba da ka kasa. Na riga na yafe maka a raina."

Ya jawo kujera ya ajiye can nesa, wajen ƙafafunta.

"Bari in zauna nan, kar in ƙara miki ciwo."

"Matso."

"Za ki yi amai."

"Na ce ka matso."

Ya matso har gwiwarsa ta taɓa kujerarta. Ta ɗaga hannunta na dama, wanda ba allura, ta toshe hanci da yatsu biyu. Hawaye yana bin yatsun, muryarta tana fita ta hanci kamar ta mai mura.

"To ba ni labari. Me ka ci yau? Kar ka tsallake komai. Kuma ka daina juya fuska, ni za ka kalla."